Mutum Goma Sha Bakwai a Filin Alhaji Mansir

Talata, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau shekara goma cif da ranar da Mubi ta watse, ranar da mata suka bar tukunya a kan murhu suka nufi duwatsu da ƙafa. Ni Hammanjoda mai haƙa rijiya ban gudu ba, kowa a Nassarawo ya san haka. Ba jarumta ba ce. Gwiwa ce ta ƙi, taurin kai kuma ya taya ta.

Ban yi boko ba. Wata huɗu na zauna a ajin yaƙi da jahilci tun gemuna yana baƙi, abin da na tsinta a can shi nake gogawa a littafin nan. In rubutun ya karkace, hannun diga ne.

Da safe an yi taron addu'a a ƙofar Jauro, mai unguwarmu. Liman ya yi tasa, fasto ya yi tasa, sai aka ce tsofaffi su ce wani abu, aka miƙo mini lasifika. To, na ce wani abu. Na ce filin tsamiyar nan na hanyar Kwaja, wanda Alhaji Mansir ya kewaye da bulo zai gina gidan mai, akwai mutum goma sha bakwai kwance a ƙarƙashinsa. Ni da abokin aikina Tizhe muka tsinto su a bakin hanya bayan masu bindigar sun wuce, muka haƙa, muka rufe, kwana huɗu muna yi. Kowanne mun dasa masa bini-da-zugu a wajen kai don kada ya ɓata. Watan jiya katafila ta share su duka. Na ce kafin ta share, na taka har shagon Alhajin na gaya masa da bakina.

Daga nan jini ya hau, na ƙara wasu maganganu. Jauro yana ta jan rigata ta baya. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka.

Da na dawo gida matata Hapsatu ta ajiye mini kunu ta ce, “Malam, cewa aka yi ka faɗi wani abu. Ba a ce ka faɗi komai da komai ba.”

Alhamis, 31 ga Oktoba, hantsi

An ce muryata tana cikin wayar kowa, har Yola. Jiya da yamma samari sun je sun ture katangar filin. An ce maigadi ya ji ciwo. Ni ban aiki kowa ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Sammaci ya zo. Wanda ya kawo ya gaishe ni har ƙasa, ya ce ba laifinsa ba ne. Na ce na sani, miƙo.

Da Turanci aka rubuta, sai na kai gidan Tizhe. Shekara uku ke nan rabin jikinsa ya shanye, bakin ma ya mutu, sai ido. Shekara talatin yana jan guga ina cikin rami, in na girgiza igiya ya san abin da nake nufi. Yanzu ni nake magana, shi yana kallo. 'Yarsa Winifred lauya ce a Yola, takan zo duba shi ƙarshen mako. Ni na haƙa rijiyar da uwarta ta yi wankan jegonta da ruwanta, yau ga ta da gilashi tana karanta mini laifina.

Ta ce abu biyu ne: ɓata suna, da tunzura jama'a.

Na ce, “'Yar Tizhe, ba an ce mulkin soja ya wuce ba? Ba a rediyo suke cewa kowa yana da 'yancin baki ba?”

Ta ce, “Yana da shi, Baba Joda. Sashe na talatin da tara na tsarin mulki ya ba ka. Ka faɗi ra'ayinka, ka ba da labari, ka ji na wasu, ba mai toshe maka baki. Amma in ka ƙara gaba kaɗan akwai sashe na arba'in da biyar. Shi ya ce ana iya yin doka a taƙaita, saboda zaman lafiya da kuma haƙƙin wani. Sunan mutum ma haƙƙinsa ne.”

Na ce wato sun ba ni akuya, igiyar kuma tana hannunsu. Ta yi dariya ta ce igiyar tana da tsawo, kuma doka ba ta yarda a gajarta ta yadda aka ga dama ba, sai da dalili.

Ta kunna wayarta na ji kaina. Ashe haka muryata take, kamar an ja buhu a kan tsakuwa. Ta ɗebi gyaɗa huɗu daga faifan da ke gaban ubanta ta jera a tabarma.

“Ta farko, ka ce akwai kaburbura. Ka gani?”

“Ni na haƙa.”

“Ta biyu, ka ce ka gaya wa Alhaji. Akwai wanda ya ji?”

“Shagon cike yake da mutane.”

“To. Waɗannan biyu, in gaskiya ne kuma faɗinsu ya amfani jama'a, doka tana bayanka. Amma kai za ka tabbatar, ba shi ba. Ta uku, ka ce da kayan shagunan mutane ya yi arziki lokacin gudu. Ka gani?”

“Duk gari ya sani.”

“Baba, ka gani?”

Na ce a wajen mai shayi na ji. Ta ture gyaɗar gefe.

“Ta huɗu, ka ce in da maza a garin nan, katangar nan ba za ta kwana ba.”

Na ce magana ce kawai. Ta ce kwana ɗaya katangar ta ƙara.

Na tashi na ce mata gemuna ya girmi tsarin mulkin nan nata, kuma ba zan tsince maganata kamar wake ba, wannan mai kyau wannan mai ƙwari. Duka tawa ce.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da safe

Duka tawa ce. Na faɗa, na kuma.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kotun majistare. Mai shari'ar mace ce, ba ta kai 'yata ta uku ba, amma ta sa an kawo mini kujera. Aka karanta, tafinta ya juya mini da Hausa, aka ce na amsa laifi? Na ce wane laifi? Winifred ta taɓa mini hannu, sai na ce ban amsa ba. Aka ba da belina, Jauro ya tsaya mini fuska a murtuke. An ɗaga sai ashirin da ɗaya ga wata.

Alhaji Mansir yana can gefe cikin farar shadda. Ba ni da abin da zan ce game da shaddar.

Kafin mu fita mai shari'a ta ce kada in sake yin maganar nan a taro ko a waya sai an gama shari'a. Na tambayi Winifred a waje ko wannan ma yana cikin igiyar. Ta ce e, magana in tana gaban kotu ba a yanke ta a kasuwa, kuma shi ma Alhajin an ɗaure shi da ita. Na ce littafina fa? Ta ce littafinka naka ne, muddin bai fita daga ɗaki ba.

To ga shi, bai fita ba. Sha bakwai ne.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan masallaci

Sahu ya yi mini faɗi yau. Dama da hagu duk an bar mini wuri.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da yamma

Hapsatu ce ta matsa. Ta ce ko ba ka aiki kowa ba, hannun mutum ya karye. Na hau babur na je gidan maigadin, can bayan mayo, wato rafi. Sunansa John, mutumin Betso ne, 'ya'yansa biyar. Hannun dama ne, an ɗaure shi da kara. Bulo ya faɗo masa lokacin da yake roƙon samarin su tsaya.

Na zaci zai zage ni. Da ya zage ni da na ji daɗi. Sai ya sa aka shimfiɗa mini tabarma.

Ya ce, “Baba, ni ban san akwai mutane a wurin ba. Wata biyu ina kwana a kansu. Da na sani da ban karɓi aikin ba.” Sannan ya ce, “Amma su yaran, da suka zo, maganarka suke ihu. Maza, maza, katanga ba zai kwana ba. Ni ma namiji ne, Baba. Ga dawa na ya nuna a gona, wa zai yanka?”

Na tashi na yi masa sallama.

A hanyar dawowa na yi ta faɗa wa kaina ban ambaci John ba, ban ma san da shi ba. Haka ne. Hannun dai a karye yake.

Talata, 12 ga Nuwamba, hantsi

Jauro ya zo da dattawa biyu da takarda. Sulhu. Alhaji zai janye ƙara, ba ɗauri ba tara, in na tsaya a ƙofar Jauro inda na yi maganar, na karanta abin da aka rubuta. Na ce a karanta mini. An rubuta cewa duk abin da na faɗa ba gaskiya ba ne, tsufa ne ya rikita ni, kuma babu kowa a filin.

Na ce a maimaita na ƙarshen. Aka maimaita.

Jauro ya ce, “Hammanjoda, don Allah. Shekararka nawa? Gidan yari ba wurin mai gwiwa irin taka ba ne. Su waɗanda suka tafi sun tafi, Allah ya san inda suke.”

Na ce, “Allah ya sani, Jauro, ni ma na sani. Kai kana Kamaru lokacin, kana shan kunun gudun hijira, ban zarge ka ba. Amma kada ka zo gidana ka ce in ce hannuna bai taɓa abin da ya taɓa ba.”

Ɗaya dattijon ya ce ai doka ma ta san a ba da haƙuri. Na ce haƙuri daban, ƙarya daban. In dokar ta hana ni yi wa Mansir ƙarya, ta yaya za ta sa ni in yi wa matattu?

Suka tafi, ba su sha ruwan da Hapsatu ta kawo ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan azahar

Winifred ta taho daga Yola takanas. Ta ce kare kaina kawai ba zai hana ginin ba. Za ta shigar da wata takarda a roƙi kotu ta dakatar da aiki a filin, a je a duba. Sai na yi rantsuwa a rubuce, da sunayen waɗanda ke ciki.

Wannan ba wuya. Kullum bayan asuba ina bin su ɗaya bayan ɗaya, daga gindin tsamiya zuwa gabas. Na fara. Abdulmumini tela. Ephraim malamin firamare da ƙaninsa. Matar da ke sayar da ƙosai a tasha da goyonta. Waɗanda ban san sunansu ba na faɗi kamanninsu: mai jar hula, tsoho mai yatsa shida, yarinya mai takalmi ɗaya. Musulmi mun fuskantar da su gabas, Kirista Tizhe ya yi musu addu'arsu da yarensu, waɗanda ba mu gane ba muka yi musu duka biyun.

Ta gama rubutu ta ƙirga da biro. Ta sake ƙirgawa.

“Baba, sha shida ne.”

Na ce sha bakwai ne.

“A waya ka ce sha bakwai. A nan sha shida. Lauyan Alhaji abin da yake jira ke nan. Zai ce tsohon bai ma san adadin ba, yau ya ƙara gobe ya rage. Wane ne ɗayan?”

Na ce ta rubuta namiji.

“Ka san shi?”

Na ce rana ta yi, zan je in duba akuyoyi.

Ta biyo ni har zaure. Ta ce akwai kuma wani abu: kotu ba ta sauraron duk wanda ya ga dama. Za ta tambaya, kai me ya shafe ka da filin? Ba naka ba ne, ba na gadonku ba. Sai wanda yake da nasa a ciki. Ta nemi dangin sauran, wasu sun watse, wasu sun ce ba sa son rigima da mai kuɗi. Matar Ephraim ta yi kuka ta ce 'ya'yanta sun hana ta.

Na ce akuyoyi suna jira.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da safe

Sha bakwai ne. Ban rikice ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yaran yanzu ba su san wannan ba, bari in rubuta. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Uwa ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. Ubana har ya mutu bai taɓa cewa Hammanjoda ba, sai dai kai, ko wancan. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yabonsa, in ya yi ciwo ba ka nuna ka damu. In ya mutu ba ka kuka a gani.

A gidan nan ɗanmu na fari Mai Babur muke ce masa, saboda acaba yake yi. Ranar da gari ya watse ya kai uwarsa da ƙannensa har gindin dutse. Ya dawo ya ɗauki na maƙwabta. Ya sake dawowa. Na ce masa kai, ya isa. Ya ce saura ɗaya.

Shi ne na kusa da tsamiya. Tizhe ne ya rufe fuskar, ni na tsaya wajen ƙafa.

Hapsatu ta sani. Da ta dawo ta dube ni, na dubi ƙasa, shi ke nan maganar da muka yi a kai, shekara goma.

Yanzu takarda tana so in tsaya a gaban yarinya mai shari'a, da tafinta, da Mansir, da duk 'yan kallo, in buɗe baki. Su nasu hanin rubutacce ne, yana da lamba. Nawa ba shi da lamba, kuma ya fi nasu ƙarfi.

Litinin, 18 ga Nuwamba, hantsi

An gyara katangar. An kawo motar haƙa, ta tsaya a bakin filin. Direban ya gaya wa mai shayi ranar Litinin mai zuwa za su fara ramin tankin mai. Na san zurfin ramin tanki. Mu ƙafa huɗu kawai muka iya, ƙasar ta yi tauri kuma muna sauraron harbi.

Ban ce komai ba a wajen mai shayi. An hana ni. Na shanye na tashi.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan azahar

Na je wurin Tizhe. Na zauna na ce masa, kai ka ji daɗi, Allah ya rufe maka baki, ba mai kai ka kotu. Gefen bakinsa mai rai ya motsa, dariyarsa ke nan yanzu.

Winifred tana nan, ba ta koma Yola ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata kamar tana ƙarama.

Ta ce, “Baba Joda, na san ko wane ne. Babana ya gaya mini tun kafin ciwon nan. Mai Babur ne ya koya mini hawan keke, kai ba ka sani ba.”

Na ce to ki rubuta mana, me kike jira?

“Ni ban gani ba. Abin da aka gaya mini kotu ba ta karɓa, kamar yadda ba za ta karɓi naka na wajen mai shayi ba. Ido biyu ne suka gani. Ɗaya ga shi nan ba ya magana.”

Na ce dokarku ba ta da kunya. Ta ce ba ta da ita, shi ya sa ma Alhaji ba zai iya rufe ta da shadda ba. Ta ce ba za ta tilasta ni ba. In na zaɓi shiru, shi ma 'yancina ne, za ta kare ni a kan ɓata suna iyakar ƙarfinta. Amma motar haƙa ba ruwanta da wannan shari'ar.

Na juya wajen Tizhe na ce kai me ka ce? Ya ɗago hannunsa mai kyau, ya kama bakin rigata, ya girgiza sau biyu. A rami, sau biyu yana nufin fito.

Na ce masa ba a tambaye ka ba, shanyayye kawai.

Laraba, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

Jauro ya aiko a tambaya ko na sake tunani game da takardarsu. Na ce a gaya masa na sake, kuma amsar ta ƙara tauri.

Hapsatu tana tsince wake a tsakar gida. Na matsa kusa na ce mata gobe za a tambaye ni wani abu a kotu. Ba ta ɗago ba. Ta ce Winifred ta zo ta gaishe ta jiya.

Na ce mutane za su ce Hammanjoda ya tsufa ya zubar da kunya.

Ta ce, “Mutanen da suka bar maka sahu? Malam, shekara arba'in da biyar muna ɓoye shi don kada a ce muna sonsa. To an yarda, ba a ce ba. Yanzu kuma so kake a haƙo shi da mota?” Ta zubar da tsakuwar da ke hannunta. “Ni ba zan iya faɗa ba, harshena ba zai juya ba. Amma zan zauna a bencin gaba. Kada ka yi ƙasa-ƙasa da murya, kunnena ya yi nauyi.”

Sau ɗaya na taɓa faɗin sunansa a duniya, a kunnen liman, ranar suna.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan asuba zan ɗauki lauje in bi ta gonar John in nuna wa ƙannen Mai Babur inda za su fara yankan dawa. Daga can sai kotu. Zan dubi Mansir in ce maganar shaguna ban gani ba, na janye ta, ya yafe ko kada ya yafe. Maganar maza da katanga ma tawa ce, ta karya hannun mutum, in akwai hukunci a kanta a yanka mini. Sauran biyun ko za a kai ni gidan yari a kan gwiwar nan ba zan taɓa su ba.

Sannan zan ce a ba ni Alƙur'ani. Zan fara daga gabas in gangaro, ɗaya bayan ɗaya, tafinta ya bi ni a hankali. In na iso gindin tsamiya zan faɗi sunan da ƙarfi, in haɗa da nawa a bayansa, a rubuta.